Rabon Ɗan Maraƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga 'yata, babbar ɗakina.

Bayan gaisuwa mai yawa da so da ƙauna, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai. Allah ya tsare ki a gidan da kike ciki, ya tsare ki a wanda za ki shiga.

Na san za ki yi mamaki. Zana ɗaya ce tsakanin ɗakina da naki, ga shi ina rubuto miki kamar wadda ta tafi Makka. To ya zan yi? Ke ce 'yar fari. Tun da na haife ki ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa zama na dube ki ido cikin ido mun yi doguwar magana ba. Haka muka taso muka tarar, haka kuma bakina ya saba. Sau da yawa nakan shirya magana tun daga rafi, in iso ƙofarki, sai in ji na ce, “An ba kaji ruwa kuwa?” in wuce. Takarda kuwa ba ta kallona, shi ya sa na zaɓe ta.

Kafin ruwan farko ya sauka kika durƙusa a bakin ƙofata, kina murza gefen mayafi, kika ce in kin tare a Bagauda kina so ki tafi da saniyar nan Wule da ƙannenta, ki kafa sana'ar madara. Ba nono ba, ba fura ba, madara sabuwar tatsa, daga hannunki zuwa gidan mai saye, babu wani a tsakani. Kika ce yaron nan da za ki aura ya yi alkawarin kai wa mutane a babur, Tiga da Bebeji har Kwanar Ɗangora. Baffanki, maigidana, ya ce shi kiwo ne nasa, madara ta mata ce, Wule kuma jikar saniyar sadakina ce, don haka sai abin da na ce. Ni kuwa na ce miki “na ji”, daga nan ban ƙara ba. Ga shi har an fara yankan dawa, biki ya ƙarato, ba ki san ko da shanu za ki tafi ko da hannu biyu ba. Na ga yadda kike satar kallona in ina burga nono. Na san kin ɗauka fushi nake. Wallahi ba fushi ba ne, tsoro ne, kuma yau da nake rubutun nan ƙirjina wasai yake kamar an sauke min dami. Amsarki tana ƙasa. Kada ki tsallake ki leƙa, na san halinki.

Kin san ni ba 'yar ruga ba ce. A Ba'awa aka haife ni, gidan manoma, abin da na sani game da saniya shi ne a kauce mata a hanya. Wata kaka Baffanki ya kawo garke gonarmu su ci kara su bar taki, aka aike ni kai masa tuwo. Na ajiye kwano na juya, sai na ji ya ce, “Ba a gaida baƙo a garin nan?” Na wuce da sauri, amma har na isa gida ban san inda nake taka ƙafa ba. Da aka kawo ni nan Doguwa, kakarki Nenne, Allah ya jiƙanta, ta kama hannuna ta juya shi ta dube shi, ta ce, “'Yar Haɓe, wannan hannun na surfe ne. Bari mu gani ko zai koyi hantsa.” Ya koya, amma sai da na yi ɓarna. Ɓarnar nan nake so ki sani, don kada ki sake saye da tsada abin da ni na riga na biya.

A tashar Doguwa akwai wani mai shayi, Garba, da ya gaji da madarar gwangwani, ya ce in riƙa kawo masa sabuwa da safe. Murna kamar in yi tsalle. Na tashi na tatsa, na duba cikin ƙorai na zaɓi wadda ta fi kyau, mai zane, wadda Nenne take kwantar da kindirmo a ciki. Na ɗauraye ta da ruwan sanyi na zuba. A hanya na tsaya gaida wata mai jego, rana ta ɗan ɗago. Ina isa Garba ya juye a tukunya ya ɗora a wuta, direbobi sun jeru a benci kowa da burodinsa. Tana fara zafi ta tsinke, ruwa gefe, gudaji gefe.

Wani direba ya leƙa ya ce, “Garba, shayi muka ce ko fate?”

Garba ya ɗago ludayi ya nuna min. “Amaryar Fulani, madara na ce, kin kawo min awara. Ko yaji zan nemo mu ci?”

Tashar nan kaf ta ɗauki dariya. Na sunkuci ƙwaryata, ban san lokacin da na zo gida ba. Nenne ta karɓa ta sansana, ta ce ƙwaryar da ta saba da nono ba ta mantawa, tsamin yana cikin jikinta, duk madarar da ta shiga sai ta juya ta.

Don haka ki raba mazubi. Na madara daban, kada nono ya taɓa shiga cikinsa ko da wasa. Ki nemi na ƙarfe mai murfi da faɗin baki, wanda hannu zai shiga ya wanke ko'ina, ki rabu da jarka, lungunanta ba sa wankuwa. Ruwan zafi da sabulu, sannan a kife a rana. Ki wanke hannunki da hantsa kafin ki fara, tsirtuwar farko ki zubar, ki tace da farin ƙyalle mai tsabta. In an tatsa a tafi, madara ba ta jiran gaisuwar jego. Ki faɗa wa yaron nan haka, don na lura yana da tsayawa hira. Wadda ta rage har rana ta take, kada ki riƙe ta kina sa ran mai saye. Ki dafa ta ki kwantar ta zama kindirmo, gobe ta samu nata masu so.

Ɓarna ta biyun kuwa kunyar faɗarta nake ji, amma tunda na fara. Farkon zuwana, kafin in iya tatsa, Baffanki ne yake tatsar Nyale, saniyar sadakin nawa. Kullum da sassafe, kafin Nenne ta fito, sai ya zagayo bayan ɗaki da ɗan ƙoƙo cike da madara, da ɗuminta da kumfarta, ya miƙo min yana kallon wani wajen. In shanye in miƙa masa ƙoƙon, yatsunmu su ɗan haɗu. A lokacin gani nake duk duniya babu macen da ake so kamata. Da wani zai ce min in kai ƙoƙon nan murhu in tafasa, da na ce ba shi da zuciya.

Wani lokacin daga wata saniyar yake tatso min, akwai kuma wadda ta yi ɓari a shekarar, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai zazzaɓi ya kama ni, irin mai tafiya ya dawo. Da safe garau, da yamma rawar ɗari, gumi, gaɓoɓi kamar an daddake. Muka yi ta shan maganin cizon sauro. Nenne ta ce iska ce, mutanen Ba'awa suka ce ruga ce ba ta karɓe ni ba. Sai da Baffanki ya kai ni asibiti a Tudun Wada aka ɗebi jini, likita ya tambaye ni ko ina shan madara ɗanya. Ya ce ciwon shanu ne, wanda makiyaya suke kira bakkale, yana bin madara ya shiga mutum. Na daɗe ina magani. Baffanki ya fi ni ramewa, don gani yake da hannunsa ya ba ni.

'Yata, ɗanya za ki sayar, to kada ta bar hannunki sai da kalma ɗaya: a tafasa. Ki faɗa wa sabon mai saye, ki faɗa wa tsohon, ki faɗa har su riƙa tsokanarki da ita. Za ki haɗu da masu cewa ai daɗinta a ɗanyarta, kakanninsu haka suka sha. Ki ce musu mahaifiyarki ma haka ta sha. Gidan da akwai mai ciki ko ƙananan yara ki maimaita sau biyu. Kafin ki sayar da ko ludayi ɗaya ki kira likitan dabbobi ya duba shanun. Saniyar da ta yi ɓari, ko take tari, ko hantsarta ta kumbura, ki ware ta. Wadda aka yi wa allura ki tambayi likitan yaushe madararta za ta koma ta sha, kafin nan kada ta shiga mazubinki ko da kina ganinta fara tas. Masu saye a wurinki ba baƙin kasuwa ba ne da za su wuce. Sun san ƙofarki, kin san sunayen 'ya'yansu.

In kuma yaron nan ya zagayo miki da ƙoƙo wata safiya, ki karɓa da hannu biyu, ki yi masa murmushi, ki ɗora a wuta. Son ba ya ƙonewa, na gwada.

Yanzu ga ta ukun, wadda ta hana ni ba ki amsa.

Kina goye a bayana lokacin. Azumi ya faɗo a bazara, ciyawa ta ƙone, shanu sun zube, madara ta yi wuya. Nyale ta haifi 'yar maraƙa mace, fara sol, mai baƙin kunne. Kin san shanunmu, ba sa sakin nono sai ɗan ya fara tsotsa. A kwance shi daga dangwali, igiyar ɗaure maraƙa, ya ja kaɗan, a janye shi a ɗaure kusa da uwar tana lasarsa, a tatsa, sannan a bar masa rabonsa. Nenne ta koya min in bar kan nono biyu ban taɓa ba.

Akwai wata Hajiya Asabe a cikin gari da take saye a wurina. Mace mai fara'a, mai kyauta, ta taɓa ba ki 'yar riga. Da azumi ya kama ta ce a ƙara mata, maigidanta ba ya sahur sai da madara. Na ce to. Bayan kwana kaɗan ta ce ƙanwarta ma tana so. Na buɗe baki zan ce babu, sai ta dafa kafaɗata.

“Haba ƙawata, ni za ki hana? Duk matan rugar nan na tsallake na zo wurinki. Ɗan ƙara matsawa mana, ai saniya rijiya ce.”

Na ce to.

Na fara taɓa kan nono na uku. Daga baya na huɗun ma. Nakan ce a raina yau kaɗai, gobe zan bar mata. 'Yar maraƙar nan ta riƙa tunkuyin hantsa babu komai, ta koma tana tsotsar gefen zanena. Ta daina tsalle. Gashinta ya tashi, ciki ya yi girma, ƙafafu kamar sillen kara. Ina gani, wallahi ina gani, amma in na tuna fuskar Hajiya da yadda zan ce mata babu, sai in ji gara ƙasa ta tsage. Gudawa ta zo ta same ta ba ƙarfi. Ana saura kwanaki sallah Baffanki ya sa mata wuƙa kafin rai ya fita.

Daga ranar Nyale ta riƙe nononta. In na durƙusa sai ta ɗaga ƙafa, tana kuka tana duban dangwali. Baffanki ya cusa ciyawa a fatar 'yar maraƙar ya ɗinke, ya barbaɗa mata gishiri, ya ajiye a gaban uwar. Ta sansana, ta fara lasa a hankali, sai ga nono yana ɗiga. Ina tatsa ina kuka, ke kuma kina bayana kina wasa da ɗankwalina. Wayon bai daɗe ba, ta gane, ta ƙafe gaba ɗaya har sai wata haihuwar.

Nenne ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, “Wadda kika kashe ɗin nan saniya ce, da 'ya'yanta da jikokinta.” Hajiya Asabe kuwa, da na je na ce mata babu madara, ta ce, “Ayya, Allah ya kyauta,” ta tambaye ni wace ce mai shanu da yawa a rugarmu. Ban ga laifinta ba. Ita madara take nema, ni ce aka ba amanar maraƙa.

Ki ɗauki masu saye daidai abin da shanunki za su bayar a bazara, kada ki auna da damina. Damina tana ruɗi, kowace hantsa cike, waya tana ta ƙara, ki yi ta cewa to. Ki tanadi harawa da dusa tun ana girbi, ciyawar bakin ruwan Bagauda ba ke kaɗai kika gan ta ba. Daƙashi, nonon kwanakin farko bayan haihuwa, na maraƙi ne dukkansa. Ma'auninki kuma ba mazubi ba ne, ɗan maraƙi ne. In an sake shi yana ɗaga wutsiya yana zagaye turke a guje, kina kan daidai. Ranar da kika ga ya tsaya shiru ya sunkuyar da kai, ki rage mai saye, ko wane ne shi. Ki bar wa gidanki ma nasa, kada mai kai wa mutane madara ya sha shayi baƙi.

Duk wannan kin san shi, a cikin shanu kika tashi, kin fi ni hannu. Abin da ya tsorata ni daban ne. Ke ce kika ɗauko ni sak. Ke ce wadda in baƙo ya yi sallama kike shigewa bayan rumbu. An taɓa ba ki takalmi ƙafa biyu duk na hagu a kasuwa, kika karɓo kika taho don kada mai kaya ya ji kunya. Na ce yarinyar nan za ta zauna a wurin da ba ni, ba Nenne, manyan mata masu zaƙin baki su riƙa kiranta a waya, wa zai ce babu a madadinta? Yaron nan kirki ne da shi, amma shi ma na ga alama in aka roƙe shi rigar jikinsa zai tuɓe. Na riƙa ganin jinin Nyale yana ƙarewa a bakin ruwa, kina kuka irin wanda na yi, ba mai karɓar miki goyo.

Sai ranar Talatar nan da ta wuce. Ina bayan zana ina tsince wake, kin gama tatsa kin saki maraƙa, sai ga mota ta tsaya. Wata Hajiya ce daga Tudun Wada, da ƙamshinta da gwala-gwalanta, ta ce suna suke yi gobe, an kwatanta mata rugarmu. Kika ba ta abin da ya rage. Ta ce bai isa ba.

“Ke 'yan mata, ga hantsa can cike ina gani. Janye ɗan nan ki ƙaro min.”

Hannuna ya tsaya a cikin faifai.

“Ko ba kya ji ne? Amarya ce ke, an faɗa min. Ƙaro min, ni kuma in yi miki abin biki.”

Can ƙasa-ƙasa kika ce, “Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan nasa ne.”

“Na wa?”

“Na maraƙin.”

Ta yi dariya ta juya wajen direbanta. “Ka ji min yarinya! Ni da dabba ake raba wa, kuma dabbar ce ta ci.” Ta ce a kira mata babba. Na maƙale a bayan zana, don na san in na fito zan iya cewa to. Sai na ji kin ce, “Inna tana aiki. Ni ce mai tatsa. In kin turo gobe da sassafe zan haɗa miki da na maƙwabta.” Ta ja tsaki ta shiga mota. Har an tayar, na hango ki ta ramin zana kin bi ta da sauri kina riƙe da mayafi, kina cewa, “Hajiya, a tafasa kafin a sha!”

Da kika dawo kin jingina da turke kina haki kamar wadda ta yi tsere, kin ɗauka ba mai ganinki. Ni kuwa na shige ɗaki na kifa fuska a filo, dariya da hawaye suka haɗe min. Baffanki ya shigo ya ce lafiya? Na ce hayaƙi ne. Ya dubi murhu ya ga ba wuta, ya fita yana murmushi. Kunyar tana nan tare da ke, ban ce ta tafi ba, kuma ba na so ta tafi. Amma na ga ba ta ɗaure miki harshe a inda ya kamata ki yi magana. Abin da ni sai da na rasa 'yar maraƙa na koya, ke kin yi shi a tsaye.

To ga amsarki. Wule taki ce, ita da ƙannenta da maraƙansu, halak malak. Baffanki ya riga ya yi magana da mai mota, za a kai su kafin ranar ɗaurin aure don su saba da wurin. Ki tatse su da sauƙi a safiyar, ki sa a shimfiɗa ciyawa a motar, maraƙan a gaba inda iyayen za su riƙa jin su. Kwanakin farko madara za ta ragu, kada ki tsorata, baƙunta ce. Ciwon hannun nan da na fake da shi na bar miki tatsa tun farkon damina, akwai shi, amma bai kai yadda na nuna ba. So nake Wule ta manta hannuna ta san naki. Ashe tun bakina bai yarda ba hannuna ya riga ya sallama.

Ranar da motar za ta zo ba za ki gan ni ba, zan tafi itace tun da wuri. Kada ki neme ni, kada kuma ki zo yi min godiya, ba zan san inda zan sa idona ba. In kin karanta kin gane, gobe da safe ki ɗora min ruwan zafi kawai, ya isa.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku a dajin Falgore da duk hanyar da babur ɗin nan zai bi. Allah ya tsare shanunki daga ciwo da ɓarawo, ya sa abin da zai fita daga hannunki ya zama lafiya ga duk wanda ya sha. Allah ya sanya tausayi tsakaninki da mijinki, ya ba ku zuri'a mai albarka. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe min shiruna.

Wassalam.

Innarki.